Amfilifayar jita daga Amurka zuwa Agadas: abin da ya faru cikin wata 12

Asalin lamarin

Saurayin da wannan bayani ya shafa makaɗin jita ne a birnin Agadas. Shi ke jan ƙungiyar mutum 5 da ke kiɗa a gidajen biki: jita biyu, jitar bas, mai ganga, da mai amshi. A Agadas bikin aure bai cika yin armashi ba sai an shimfiɗa tabarmi a fili ko a bakin layi, an kafa kayan kiɗa, 'yan jita sun yi ta yi daga la'asar har dare. Da kuɗin da aka yi jinga da wanda aka liƙa musu suke riƙe gidajensu, don haka kayan sauti a wurinsu jari ne.

Shekara 6 yana aiki da ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, mai taransista, wat 15, lasifikarta inci 8. A ɗaki ta isa, amma a fili ganga na binne ta. Yayansa da ke aiki a Amurka ya saya masa wata ta hannu, ya aiko ta Yamai, aka ɗora ta a motar fasinja ta bi ta Tawa, tafiyar fiye da kilomita 900.

Wadda aka aiko irin mai kwalba ce, wato wadda ke ƙara sauti da kwalaben gilashi masu haske a ciki, irin na tsofaffin rediyo. Ƙarfinta wat 40, lasifika ɗaya inci 12 mai om 8 (om shi ne ma'aunin tirjiyar da abu ke yi wa wuta), manyan kwalabe biyu samfurin 6L6, ƙanana uku samfurin 12AX7, nauyinta kusan kilo 20. Tun 1947 aka ƙirƙiro taransista, ta kori kwalba daga rediyo da talabijin, amma makaɗan jita da yawa sun ƙi rabuwa da kwalba saboda yadda sautinta ke kauri in an matsa mata. Alƙaluman da ke cikin wannan rubutu daga littafin wani dattijo mai gyaran rediyo suke, wanda ya koyi sana'a tun ana kawo masa rediyo mai kwalba, kuma yana rubuta duk awon da ya yi.

Makon farko na Oktoba: fiyus biyu a dare ɗaya

Filogin amfilifayar mai baki uku ne irin na Amurka, biyu masu faɗi, ɗaya mai zagaye. Soket ɗin ɗakin saurayin kuwa ramuka biyu ne masu zagaye. Ya sayo ƙaramin adafta a kasuwa. Baki na uku ya hana filogin zama, sai ya sa filaya ya karya shi.

Da ya kunna, fitilar gaba ta kama, akwatin ya yi gurnani mai nauyi na kamar daƙiƙa 3, sai komai ya mutu. Yayan ya liƙa fiyus na ajiya a bayan akwatin, mai amfiya 3. Ya sa shi, shi ma ya tsinke nan take. Da safe ya hau kabu-kabu ya rungumi akwatin zuwa shagon dattijon.

Dattijon bai kwance ko kusa ɗaya ba sai da ya juya akwatin ya karanta ƙaramar takardar da ke kusa da wayar wuta. An rubuta bolt 120, zagaye 60 a daƙiƙa, wat 180.

"Ɗana, ka duba nan kafin ka jona?"

"Baba, na ɗauka adaftan ne ke rage wutar."

Mutane da yawa haka suka ɗauka, kuma akwai dalili. Cajar waya da ta kwamfuta suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, sai jama'a suka saba adafta ya wadatar. Adafta siffar baki kawai yake canzawa. Wutar Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, zagaye 50, kusan ninki biyu na abin da aka yi na'urar dominsa. Taransifomar da ke cikinta tana ɗaga wutar da aka ba ta zuwa sama da bolt 400 domin manyan kwalabe, tana kuma rage wani ɓangare zuwa bolt 6.3 domin ɗumama su. In aka ba ta ninki, ƙarfen cikinta ba ya iya ɗauka, sai ta riƙa zuƙar wuta ba iyaka. Fiyus ɗin ya riga taransifomar ƙonewa.

Dattijon ya gwada ta da wutar 120 da ya bi da ita ta cikin ƙwan fitila, domin in akwai gajeriyar hanya a ciki ƙwan ya haska maimakon wani abu ya ƙone. Ƙwan ya yi haske kaɗan ya dushe. Babu abin da ya lalace.

Oktoba zuwa Nuwamba: taransifomar rage wuta

Shawarar da aka ba saurayin ita ce ya nemi taransifomar rage wuta daga 220 zuwa 110, mai wat 500. A kasuwa ya sami mai wat 100 da araha, ya saya. Da aka auna ta da amfilifayar a kunne, abin da take fitarwa bolt 101 ne, jikinta kuma ba ya taɓuwa don zafi. A atisaye na biyu, bayan minti 40, ta yi wari ta mutu. Na'urar da ke cin wat 180 ba ta zama a kan mai ba da 100.

A tsakiyar Nuwamba aka kawo mai wat 500 daga Damagaram. Wutar gari na 224, ita tana ba da 116, ba ta wuce ɗumi. Dattijon ya rubuta wata lura guda a gefe: taransifomar cikin amfilifayar don zagaye 60 aka naɗa ta, a kan zagaye 50 za ta fi ɗaukar zafi, don haka kada a jingina bayan akwatin da bango.

Disamba: gurnani da jan wuta

A gida sautin ya fito yadda ake so. Matsala ta taso ne da aka fara fita bukukuwa, inda wuta daga janareto take, ko gurup kamar yadda ake ce masa a can.

Abu na farko gurnani ne da ba ya yankewa, wanda ke raguwa in ya ɗora hannu a kan tsirkiya, ya dawo in ya ɗaga. Abu na biyu ya fi tsanani. A biki na uku, yana riƙe da jita ya matso zai yi waƙa, leɓensa ya taɓa makirfo, wuta ta fizge shi har ya ja da baya. Bai faɗi ba, ya ci gaba da kiɗa yana nesa-nesa da makirfon.

An gwada abubuwa huɗu a makonni biyu. An canza wayar jita, gurnanin bai motsa ba. An sa wa makirfo safa, jan wutar a leɓe ya ragu, amma in hannu ya taɓa jikinsa yana nan. Ya riƙa tsayawa a kan tabarmar roba, babu bambanci, domin wutar tsakanin jita da makirfo take bi ta jikinsa, ba ruwanta da ƙasa. Wani ya ce a juya filogin a soket. Wani lokaci abin ya yi sauƙi, wani lokaci ya ƙaru.

Dattijon ya bi su wani biki da mitarsa. Tsakanin tsirkiyar jita da jikin makirfo ya sami bolt 70. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar amfilifayar ba ta da wayar ƙasa, wato wadda ke kwashe wutar da ta yoyo zuwa ƙasa, tun ranar da aka karya baki na uku, taransifomar rage wuta mai waya biyu ce, doguwar wayar da ta taso daga janareto ma biyu ce, kayan makirfo kuma a wata waya daban suke.

Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da ƙarfen jikin amfilifaya ta cikin wayar jita. Haka aka ƙera su, domin rage gurnani. Ke nan duk wutar da ta yoyo zuwa jikin amfilifayar tana kan yatsun makaɗi. Aikin baki na uku shi ne ya kwashe wannan yoyon, kuma in waya mai wuta ta taɓa ƙarfen akwatin ya sa fiyus ya tsinke. Abin da ya sami saurayin yoyo ne mai rauni. Da wata waya ta saɓule a ciki, cikakkiyar wuta ce za ta bi ta ƙirjinsa. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey ya rasu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya, bayan ya taɓa makirfon da ba shi da wayar ƙasa. Ina ganin ya kamata duk wanda ke kafa kayan kiɗa ya san wannan labari, domin jan wuta a leɓe abu ne da makaɗa da yawa suka ɗauke shi kamar wani ɓangare na sana'a.

Gyaran ya ɗauki kwana 2. An sa sabon filogi mai baki uku. An buɗe taransifomar rage wuta an ratsa wayar ƙasa daga shigarta zuwa fitarta, an ɗaure ta da jikinta. An sayi doguwar waya mai uku, mita 25, aka ce duk kayan ƙungiyar daga kanta za su sha. An haɗa wayar ƙasan da ƙarfen janareto da wani sandan ƙarfe mita 1.5 da ake kafawa a zuba masa ruwa, tun da busasshen yashin Agadas ba ya ɗaukar wuta sosai. An kuma sa makatsar yoyo mai miliamfiya 30 a farkon layin, wato na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ji yoyo. Dattijon ya haɗa wayar dawowa, wato wadda wuta ke komawa janareto ta cikinta, da wayar ƙasa a wuri ɗaya kusa da janareto, kafin makatsar, domin a ƙananan injuna da yawa ba a haɗe suke ba, kuma in ba a haɗa ba makatsar ba ta gane yoyon. Awon tsakanin jita da makirfo ya sauko ƙasa da bolt 1. Gurnanin ya ragu sosai. Ɗan abin da ya saura daga maganaɗisun jitar ne, kuma yana ɓacewa in ya matsa nesa da taransifoma.

Janairu da Fabrairu: ƙurar hunturu

Bayan akwatin a buɗe yake domin iska, ƙura ta sami hanya. Maɓallan murɗawa suka fara ƙaraf-ƙaraf. Mai bas ya ɗiga musu man keken ɗinki. Kwana 3 suka yi shiru, daga nan man ya kama ƙura ya zama laka, maɓallin ƙara sauti ya riƙa yankewa a tsakiya. An wanke biyu da feshin wanke mahaɗar lantarki, na ukun sai da aka canza shi. Tela ya ɗinka wa akwatin riga da tamfol, da sharaɗin ba a rufe shi sai ya huce.

Afrilu: daren da ta ƙone

Babban biki ne a buɗaɗɗen fili, a watan da zafin Agadas ke haura digiri 40 da rana. Saurayin ya ga taron ya fi ƙarfin lasifika ɗaya, sai ya aro akwatin lasifika biyu daga masu kayan sauti. Ya zare wayar lasifikar cikin amfilifayar, ya jona akwatin aron a raminta. Ba a zo da wayar lasifika ba, ya yi amfani da wayar jita mai mita 6, tun da bakinsu iri ɗaya ne, mai kaurin milimita 6.35, kuma ta shiga daidai.

Kusan awa ɗaya sauti na tafiya. Ana tsakiyar rawa sai ya ɗauke ɗif. Fitilar gaba na ci, kwalabe na haske. Ya zaci jitar ce, ya murɗa sauti har ƙarshe, ya yi ta kaɗa tsirkiya da ƙarfi yana girgiza waya, kamar minti 2. Wari ya tashi, fiyus ya tsinke. Babu na ajiya. Wani daga cikin masu kallo ya naɗe mataccen fiyus ɗin da takardar azurfa ta kwalin taba, aka mayar, aka kunna. Cikin ɗaya daga manyan kwalaben ya yi jawur kamar garwashi, hayaƙi ya fito ta baya, aka zare filogi. Da tsohuwar ƙaramar amfilifaya aka ƙarasa bikin.

Abin da dattijon ya tarar washegari: wayar jitar ta tsinke daga cikin bakinta, robar wurin ta yi baƙi. Lasifikan aron masu om 8 ne guda biyu da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa, jimlarsu om 4, a ramin da aka yi domin om 8. Taransifomar fita, wadda ke tsakanin manyan kwalabe da lasifika, ta ƙone daga ciki. Mazaunin kwalba ɗaya ya yi zanen gawayi tsakanin ƙafafu biyu. Kwalbar ta mutu, rasista mai om 470 da ke ƙarƙashinta, 'yar na'urar da ke rage gudun wuta, ta zama toka.

Ga yadda abubuwan suka bi juna. Wayar jita siririn zare ɗaya ne a tsakiya da saƙar waya kewaye da shi, an yi ta domin ɗaukar ɗan sigina mai rauni da kare shi daga gurnani. Wayar lasifika kuwa jan ƙarfe ne mai kauri guda biyu. Wat 40 a kan om 8 ya haura amfiya 2, a kan om 4 abin da ke bi ya fi haka. Zaren ya yi zafi a inda ya fi rauni, ga masu rawa na taka wayar, sai ya rabu. Daga wannan lokacin amfilifayar ba ta da lasifika. Mai taransista a mafi yawan lokuta ba ta damuwa da haka. Mai kwalba kuwa, ƙarfin da ta tura cikin taransifomar fita in bai sami mafita ba yakan dawo da bolt mai yawan gaske, ya huda rufin wayoyin naɗin, ya yi tartsatsi a mazaunin kwalba. Minti 2 na kaɗawa da sauti a ƙarshe su suka yi wannan. Fiyus ya tsinke domin ya tsayar da ɓarnar a nan. Takardar azurfa ta ba ta damar ci gaba har kwalba da rasista.

Mayu zuwa Yuli: gyara sau biyu

Babu irin wannan taransifoma a Agadas. An kai wadda ta ƙone wurin mai naɗin fanka da sitabilaiza, ya warware ya sake naɗawa cikin kwana 5. An canza mazaunin kwalba da rasista, an sa wata tsohuwar 6L6 da dattijon ke da ita. Amfilifayar ta yi magana, amma muryarta a dushe, ba kaifi a sama ba nauyi a ƙasa. Da aka auna a kan om 8, bolt 11 take kaiwa kafin sautin ya fara karyewa, wato wat 15. Mai wat 40 ya kamata ta kusanci bolt 18.

Mai naɗin ya iya aikinsa, amma aikin daban ne. Taransifomar wuta zagaye 50 kawai take ɗauka. Ta fita kuwa dole ta ɗauki sauti daga ƙasa da zagaye 100 zuwa dubbai, shi ya sa ake naɗa ta hawa-hawa, ana cuɗanya naɗin shiga da na fita, rabi biyun shigar kuma su zo daidai da juna. Wayar ta narke ta manne, bai samu ya ƙirga zagayen asali ba, ya yi kirdado. Ga kuma kwalabe biyu da ba sa ja daidai, ɗaya na miliamfiya 52, ɗaya na 29.

Sai a ƙarshen Yuni saƙon yayan ya iso: taransifomar fita ta asali, 6L6 biyu da aka auna aka haɗa su tagwaye, da fiyus 10. Kafin dattijon ya sa hannu a ciki, ya nuna wa saurayin mita a kan manyan kafasita, masu ajiye wuta a cikin amfilifayar, minti ɗaya bayan an zare filogi. Bolt 380 ke kwance a wurin. Ya sauke ta ta cikin rasista, ya ce masa iyakarsa fiyus da goge ƙura daga waje, kada ya taɓa kwance ƙarfen ciki.

Bayan an ɗaura, wutar manyan kwalabe ta tsaya a bolt 430. Ya daidaita su a miliamfiya 38 kowace, kimanin wat 16 ke nan a kan kwalbar da iyakarta wat 30. Ya ce da gangan ya sassauta, saboda zafin garin. Fitarwa ta kai bolt 17.5, wato wat 38.

Ya ƙara abubuwa uku da ba a tambaye shi ba. Ya sa kafinta ya yi akwatin katako mai ramukan iska, aka ɗaure taransifomar rage wuta a ciki da mita a fuskarsa, soket ɗin Amurka guda ɗaya tak a jiki, aka jefar da adafta. Ya naɗe filogin lasifikar ciki da jan tef, alamar ba a zare shi. Ya kuma rubuta tsarin kunnawa a bayan akwatin: a tayar da janareto a bar shi ya daidaita, a duba mita tana tsakanin 110 da 125, a sauke sauti, a kunna makunni na farko, a jira minti ɗaya, sannan na biyu. Wajen kashewa a fara da amfilifaya kafin janareto, a bar ta minti 10 kafin a ɗaga.

Batun ƙarin ƙara a fili kuwa, an ɗora akwatin a kan kujera, an kafa makirfo ɗan yatsa uku daga lasifikar, aka tura sautin cikin manyan lasifikan biki.

Agusta zuwa ƙarshen Satumba

Ƙungiyar ta yi biki 14 a wannan tsakanin. Fiyus bai tsinke ba. Sau biyu mitar ta nuna sama da 130 saboda janareton masu biki na gudu fiye da kima, bai kunna ba sai da aka daidaita injin. Sau ɗaya makatsar yoyo ta yanke wuta bayan yayyafi, aka tarar ruwa ya shiga mahaɗar waya. Awon ƙarshen Satumba ya nuna kwalaben na 38 da 39.

Hukunci

A duk wata 12 ɗin nan babu lokacin da amfilifayar ta lalace don kanta. Ban da ta ƙura, kowace matsala daga mahaɗa ta taso: inda wuta ke shiga, inda yoyo ke fita, inda sauti ke tafiya lasifika. Sau uku baki ya shiga rami daidai alhali abin da ke bayansa bai dace ba, wato adafta a Oktoba, wayar jita a Afrilu, da lasifikan om 4. Sau biyu kuma aka cire abin da aka sa domin kariya, baki na uku da fiyus. A ganina karya baki na uku shi ne mafi muni, ko da yake bai ci ko sefa ɗaya ba a lokacin, domin shi kaɗai ne ya taɓa rai, kuma wata biyu aka yi ana kiɗa a haka.

Ban ga laifin saurayin da yawa ba. Shekara 6 ya yi da na'urar da ke yafe kusan kowane kuskure, aka miƙa masa wadda ba ta yafewa, ba takarda, ba wanda ya zauna da shi. Sayen taransifomar wat 100 da kai naɗi wurin mai fanka duk ƙarancin kuɗi ne da nisan kasuwa, kuma dukansu sun ƙare da biya sau biyu.

Abin da ya yi aiki, bayan taransifomar asali, shi ne akwatin katakon da jan tef ɗin. Gargaɗi da fatar baki an yi shi tun Oktoba, bai hana daren Afrilu ba, domin a tsakiyar biki mutane goma ne ke taɓa kaya, kowa na son taimakawa. Soket ɗaya da ba ya karɓar wani filogi, da mitar da kowa ke gani, sun rage abin da za a iya yi ba daidai ba.

Abu biyu sun rage. Taransifomar wutar cikinta har yanzu ta zagaye 60 ce, tana zafi fiye da yadda dattijon ke so, kuma ya ba da shawarar a musanya ta da mai karɓar 230 kai tsaye kafin bazara mai zuwa, a huta da ɗaukar akwati na biyu. Sannan babu kwalaben ajiya a hannu. In ɗaya ta mutu sai an jira saƙo daga waje, don haka in biki na ƙauye ne, inda hanya ke da gargada kuma ba a san janareton da za a tarar ba, da ƙaramar mai wat 15 yake tafiya.